Tama, Gawayi da Zuga-zugi: Tarihin Ƙarfen Dutsen Sukur

Manomi a Mbamba, cikin ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, idan fartanyarsa ta cinye ko garmarsa ta tsage, ba ya dogon tunani. Sai ya leƙa wurin maƙera a Yola ko Jimeta, a yanko masa daga tsohon sifirin mota, a gasa, a buge, a ɗora a ƙota, ya biya ya koma gona. Ƙarfen nan ya riga ya zama ƙarfe tun a wata masana'anta a Jamus ko Japan. Abin da maƙerin ya yi kawai shi ne sake masa siffa. Kakannin wannan manomi ba su san wannan sauƙin ba. A zamaninsu, duk lauje da gatari da kan mashi da linzamin doki da ke ƙasar Fombina, wato masarautar Yola, sai da wani ya fara tono shi daga ƙasa yana dutse ko yashi, sannan ya tilasta masa da wuta ya zama ƙarfe.

Masu wannan aiki suna warwatse a duwatsun ƙasar. A kudu da Yola akwai mutanen Verre, waɗanda suka shahara da ƙira da zubin tagulla. Amma inda tarihin aikin ya fi fitowa dalla-dalla shi ne Sukur, wani gari a kan tsaunukan Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali, kusan kilomita 300 arewa da Yola, daf da iyakar Kamaru. Tsayin wurin ya haura mita 1,000. Mai zuwa can sai ya hau ta hanyoyin da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, ya ratsa gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni, kafin ya isa fadar sarkinsu, wanda suke kira Hidi. Ita ma fadar da tsurar dutse aka gina ta. Duk wannan gini, ƙarfe ne ya ɗauki nauyinsa.

Sukur ba ita ta fara ba. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, an tono tanderun fitar da ƙarfe na mutanen Nok waɗanda suka kai kimanin shekaru 2,500. A gindin Dutsen Dala a Kano an sami ragowar irin wannan aiki tun daga ƙarni na 7 na Miladiyya, kuma labarin da Kanawa suka gada yana cewa maƙera ne daga Gaya suka fara zama a wurin saboda neman tama. Yankin Zariya da Adar ta Nijar duk cike suke da tulin kashin maƙera na dauri. Abin da ya bambanta Sukur shi ne ta daɗe tana yi har aka iske ta da kyamara da ma'auni, kuma kusan garin gaba ɗaya ne ya rungumi sana'ar.

A ƙarshen watan Mayu na 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda aka fi sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya nufi Yola. Shekaru goma ke nan da Modibbo Adama ya kafa garin a 1841, kuma ɗansa Lamiɗo Lawal ne ke kan gado. Lamiɗo bai yi maraba da baƙon ba, domin ya zo da rakiyar mutanen Barno, bayan 'yan kwanaki aka sallame shi. Amma a kan hanyarsa ta gefen tsaunuka ya ji labarin Sukur, ya kuma rubuta cewa sarkinta mai ƙarfi ne, ba ya ƙarƙashin kowa, kuma ƙananan sarakunan kewaye suna shakkarsa. Barth bai hau dutsen ba. Masu binciken da suka hau bayansa sun tarar ƙarfin Hidi ba na yawan dakaru ba ne. Kasuwa ce ta ba shi.

Aikin yana farawa ne tun da damina. Duwatsun Mandara suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin wata irin tama baƙa, wadda maganaɗisu ke ja. Idan ruwan sama ya zaizaye dutse, sai ƙwayoyin su gangaro su kwanta a ƙoramu, saboda sun fi yashi nauyi. Mata ne suka fi ɗibar wannan baƙin yashi, su rairaye shi cikin ruwa har farin ya tafi, baƙin ya rage. Aiki ne mai cin rai da ƙugu, amma abin da ake samu tama ce mai tsabta ƙwarai, wadda kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin tsantsarta ƙarfe ne. Sauran kuwa iskar oksijin ce da ta ɗaure da shi tun fil azal. Duk wahalar da za ta biyo baya, ta raba waɗannan biyun ce.

Maza kuma suna can suna sarar itace don gawayi. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin tambayar me ya sa sai gawayi, ba itace ba, ita ce ƙofar fahimtar sauran labarin. Ɗanyen itace, kusan rabin nauyinsa ruwa ne, busasshe ma bai rabu da ruwa sarai ba. Shi kuwa ruwa ba ya barin wuri a banza. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya tashi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa yana shan kilojul 420 na zafi. Amma daga tafasa zuwa zama tururi sai ya sha kilojul 2,260, fiye da ninki biyar, kuma duk tsawon lokacin da yake sha ɗin ma'aunin zafi ba ya motsawa daga digiri 100. Wani malamin jami'ar Gilasgo a Sikotland, Joseph Black, shi ya fara auna wannan ɓoyayyen zafi a farkon shekarun 1760, bayan ya lura cewa ƙanƙara ma tana shan zafi mai yawa wajen narkewa ba tare da ta ƙara ɗumi ba. To, wutar itace kullum tana asarar wani kaso na zafinta wajen korar ruwa da hayaƙi, shi ya sa ta isa dafa tuwo da gasa tukunya, amma ba ta isa tama ba. Mai yin gawayi yana korar ruwan ne tun da wuri: ya tara itace, ya cinna, ya rufe da ƙasa don kada iska ta ishe shi ya ci ya zama toka. Abin da ya rage baƙi, kusan tsantsar sinadarin kabon ne, wanda kilo ɗaya nasa ke ba da kilojul kusan 30,000, wajen ninki biyu na busasshen itace. Maƙeran Hausa sun fi son gawayin ƙirya saboda nauyinsa da jimirinsa a wuta. Farashin abin kuwa shi ne sai an ƙona aƙalla kilo biyar na itace, sau da yawa fiye, kafin a sami kilo ɗaya.

Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, sai a tayar da tanderu. Tanderun Mandara yana da siffar da ba a cika samun irinta a wani wuri a duniya ba. A Kano da Zariya da yawancin Afirka, iska ta gefe ko ta ƙasa take shiga. Nan kuwa daga sama take saukowa. Ana gina tanderun da yumɓu a jikin gangare, mai zuga ya hau sama ya zauna a bayan wata katangar yumɓu da ke kare shi daga harshen wuta, zuga-zugan fata biyu a gabansa. Daga ƙarƙashinsu wani dogon bututun yumɓu guda ɗaya ya sauko ta tsakiyar tanderun, bakinsa ya tsaya kaɗan sama da ƙasa. Ana zuba gawayi da tama a kewayen bututun. Iska ta sauka ta ciki, ta fito a ƙasa cikin garwashi, ta juya ta haura ta cikin gawayi da tama. A Sukur tanderun ƙanana ne, ana fitar da dunƙule a sake zubi sau da dama a yini guda, kuma ba maƙera kaɗai ke yi ba, manoma ma suna da nasu. Wannan ya saba wa al'adar maƙwabtansu da yawa, inda aikin ya keɓanta ga zuriyar maƙera.

Me ke faruwa a cikin tanderun? Hanya mafi sauƙin gane shi ita ce a ɗauke shi a matsayin bashi. Duk lokacin da ƙarfe ya haɗu da oksijin, zafi yana fita. Tsatsa ma haka take yi, sai dai a hankali ainun, shi ya sa hannu ba ya ji. Ita tama ƙarfe ce da ta riga ta saki wannan zafi tun kafin a yi mutane. Wanda ke son ya dawo da ƙarfen sai ya mayar da abin da aka saki, ba ragi ko anini: kimanin kilojul 6,700 a kan kowane kilo ɗaya na ƙarfe daga irin baƙar tamar nan. Gawayi ne mai biya. Amma zafi kaɗai ba ya raba su. Sai an sami abin da ya fi ƙarfe kwaɗayin oksijin ya zo ya fizge ta. A bakin bututu, inda iska ke da yawa, gawayi yana ƙonewa sarai, ya zama iskar kabon dayoksaid, ya saki dukan zafinsa. Wannan iska na haurawa ta cikin jan garwashi sai ta sake cin wani kabon, ta rikiɗe ta zama kabon monoksaid, wato gubar nan da ke kashe wanda ya kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Wannan rikiɗa shan zafi take yi, ba ta bayarwa. Ita gubar ce ke ratsa ƙwayoyin tama tana zare musu oksijin mataki-mataki har ƙarfe ya bayyana.

Lissafin abin yana da ban sha'awa. Giram 12 na kabon, idan ya ƙone sarai, yana ba da kilojul 394. Idan ya tsaya a rabin hanya, a matsayin monoksaid, kilojul 111 kacal yake bayarwa. Sauran 283 suna nan riƙe cikin iskar, su ne kuma ke fitowa a shuɗin harshen wutar da ke ci a bakin tanderu. Cewa jimillar ba ta canzawa ko an bi hanya ɗaya ko an yada zango, wani masani a Rasha, Germain Hess, ya tabbatar da ita a 1840, shekara guda kafin kafa Yola. Kafin shi Antoine Lavoisier a Faransa ya nuna cewa ƙonewa haɗuwa ce da oksijin, kuma shi da Laplace sun auna zafin da gawayi ke bayarwa a farkon shekarun 1780 ta hanyar duba yawan ƙanƙarar da ya narkar. Abin da wannan lissafi ke nufi ga mutumin Sukur shi ne dole ya haƙura da fiye da kashi biyu cikin uku na zafin gawayinsa domin ya sami iskar da za ta yi masa aiki. Idan ya cika iska, wuta za ta yi zafi amma ƙarfen da ya fito zai sake komawa tama. Idan ya rage, tanderu zai yi sanyi, komai ya cije. Idan ya cika tama a kan gawayi, asara. Idan ya cika gawayi a kan tama, wata matsalar da za mu zo kanta. Tsakanin waɗannan akwai wata 'yar siririyar hanya, kuma da kunne da ido ake bin ta: ƙarar iskar a bututu, launin harshen wuta, nauyin zuga-zugi a hannu.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfen yana narkewa ya kwarara. Ba ya yi. Tsantsar ƙarfe sai a digiri 1,538 yake narkewa, irin wannan tanderu kuwa yawancin cikinsa yana aiki ne tsakanin 1,100 da 1,300. Abin da ke narkewa shi ne dattin. Ragowar yashi da toka suna haɗuwa da wani ɓangare na tamar su zama kashin maƙera, wanda ke zama ruwa a wajen digiri 1,200, ya tsiyaye ƙasa. Ƙarfen kuwa daga tama mai tauri yake zama ƙarfe mai tauri, ƙwaya-ƙwaya, ƙwayoyin su manne da juna su zama dunƙule mai ramuka. Da yake baƙin yashin Mandara ya cika tsabta, ba shi da isasshen datti da zai narke ya lulluɓe sabon ƙarfen ya kare shi daga iska. Sai bakin bututun da kansa ya riƙa narkewa yana ba da yumɓunsa, bututun yana gajarta, dunƙulen yana tasowa daga ƙasa. Mai aikin yakan ɓula gefen tanderu lokaci-lokaci ya fasa abin da ya toshe bakin. A kan wannan batu na narkewa aka raba gari tsakanin maƙeran baƙi da maƙeran fari. Mai azurfa yana narkar da tasa a digiri 962, mai tagulla a wajen 900 da ɗoriya, mai zubin tukwanen alminiyum na kasuwanninmu na yau a 660 kawai. Su duka zubi suke yi. Maƙerin baƙi duka yake yi, domin ƙarfensa bai taɓa zama ruwa ba.

Sai dai Mandara ta zo da abin mamaki. A 1986, masanin kayan tarihi Nicholas David na jami'ar Kalgari a Kanada ya roƙi wani tsohon maƙeri ɗan ƙabilar Mafa mai suna Dokwaza, a kusa da Mokolo ta ɓangaren Kamaru, ya sake tayar da tanderu kamar yadda ya saba da ƙuruciya. An ɗauki aikin a fim, aka kai abin da ya fito ɗakin gwaji. Sakamakon da aka buga a 1989 ya nuna cewa tanderu ɗaya ya fitar da iri uku: ƙarfe mai laushi, da ƙarfe mai tauri irin na wuƙa, da kuma ɗigo-ɗigon ƙarfen da ya narke da gaske. Yaya aka yi, alhali wutar ba ta kai 1,538 ba? Sirrin yana wajen kabon. Ƙarfe mai zafi idan ya daɗe cikin gawayi yana shan kabon, kuma gwargwadon abin da ya sha gwargwadon yadda yake saurin narkewa. Idan ya sha wajen kashi 4 cikin ɗari, a digiri 1,150 yake zama ruwa. Wannan ita ce matsalar cika gawayi da na ambata, domin irin wannan ƙarfe gautsi gare shi, masaba na taɓa shi sai ya farfashe. Amma Dokwaza bai zubar da shi ba. Ya farfasa, ya zuba gutsattsarin a 'yan kasaken yumɓu, ya sa a wutar maƙera yana hura musu iska har kabon ɗin da ya yi yawa ya ƙone, sannan ya haɗa su ya buge. Kafin wannan gwaji, littattafai da dama suna ɗauka cewa sarrafa irin wannan ƙarfe sai Sin da Turai.

Dogon bututun nan yana da wani amfani kuma. Kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda ba ta ƙonewa, ba ta taimakon komai, sai dai ta shiga wuta da sanyi ta fita da zafi. Duk wanda ya ɗumama iskarsa kafin ta isa garwashi ya rage wannan sata. A 1828 James Neilson ya yi rajistar wannan dabara a Gilasgo, ta rage wa masana'antun Sikotland cin kwal ƙwarai da gaske. A Mandara iskar tana bin bututun da ke tsaye cikin wuta kafin ta fito. Masana sun yi ta muhawara a kan yawan ɗumin da take ɗauka a wannan 'yar tafiya, amma ba wanda ya ce daga Turai aka koyo ginin.

Daga tanderu dunƙule yana wucewa hannun maƙera, su kuwa a Sukur zuriya ce ta musamman, matansu ne maginan tukwane. Su ke farfasa shi, su tsince ƙarfen daga kashi, su mayar wuta har ya yi fari-fari, su buge har ragowar kashin ya fantsale, gutsattsarin su zama abu guda. Ma'aunin zafin maƙeri launi ne: ja mai duhu wajen digiri 700, ruwan goro wajen 1,000, fari mai tartsatsi ya haura 1,200, lokacin da ƙarfe biyu ke yarda su haɗu. Shi ya sa har gobe maƙera take cikin inuwa. A tsakar rana ido ba ya rarrabe waɗannan launuka. Abin da ke fitowa sanduna ne da ruwan fartanya. Sandunan sun zama kuɗi a yankin, da su ake biyan sadaki, da su ake sayen hatsi da dabbobi. Fatake daga filayen arewa, har da na Barno, suna hawowa kasuwar ƙarfe ta Sukur, Hidi yana ba su masauki da kariya, yana samun rabonsa.

Garin da ya mai da wuta sana'a, daji yake ci. Binciken da Nicholas David da Judith Sterner suka yi a Sukur a shekarun 1990 ya nuna cewa tamar ƙoramun garin da itatuwansa ba su ishe shi ba, sai an shiga ƙasar maƙwabta. Saboda haka babban aikin Hidi shi ne kiyaye zaman lafiya da garuruwan kewaye, ta hanyar auratayya da kyauta da al'adun da suka haɗa su, don masu ɗibar yashi da masu gawayi su je su dawo lafiya, fatake kuma su iso. A ganina wannan ne darasin siyasa mafi girma a tarihin Sukur: sarauta ce da buƙatar gawayi ta koya wa lallashi.

Abin da ya fara karya ta ba kasuwa ba ce, bindiga ce. A 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. Arewacin Fombina ya faɗa hannun Jamusawa, waɗanda a 1902 suka kashe Arɗo Bakari na Madagali suka naɗa ɗansa Hamman Yaji. Wannan mutum ya sami bindigogin zamani a lokacin da mutanen dutse ke da kibiya da mashi, kuma ya bar wa tarihi wani abu da ba kasafai ake samu ba: littafin da yake sa a rubuta masa abin da ya aikata, daga 1912 zuwa 1927. A ciki ya jera hare-haren da ya tura garuruwan tsaunuka, da adadin mutanen da aka kama bayi, da shanun da aka kwaso, cikin sanyin murya irin na mai ƙidayar kaya. Sunan Sukur ya fito a ciki sau da dama tsakanin 1912 da 1920. An kashe, an kama, wasu sun gudu, hanyoyin fatake sun rufe. Yaƙin Duniya na Farko ya kori Jamusawa, Faransawa suka riƙe yankin na ɗan lokaci, sannan ya koma hannun Ingila, wadda ta tuɓe Hamman Yaji a 1927. Ya mutu a 1929 nesa da Madagali. James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga littafin nasa da Turanci a 1995.

Bayan haka tanderu sun sake tashi, amma duniya ta riga ta sauya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jiragen ruwa na kamfanonin Turawa suna hawowa Binuwai da damina har Jimeta, sannan manyan motoci suka shigo. Kowace mota da ta mutu ma'adini ce a bakin hanya. A yi lissafi: mai tanderu sai matarsa ta yi watanni a ƙorama, shi ya yi makonni a daji, a yi yini ana zuga, maƙeri ya sake cin wani gawayin, kafin a sami ƙarfen 'yan fartanyu. Mai sayen sifiri kuwa wani ne can ya riga ya biya masa duk wannan zafi da kwal, a tanderun da ke fitar da ɗaruruwan tan a rana. Ba a yin gasa da wannan. Zaman lafiya kuma ya sa matasa suka fara saukowa daga dutse zuwa fili, inda noma ya fi sauƙi. Wajen shekarar 1960 aikin ya zo ƙarshe a matsayin sana'a, daidai lokacin da yankin ya kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 1961 ya zaɓi zama cikin Najeriya. Hamo Sassoon na ma'aikatar kayan tarihi ta Najeriya ya riski wutsiyar abin a farkon shekarun 1960, ya rubuta bayanin yadda ya ga ana yi, aka buga a 1964.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Najeriya da ya sami wannan matsayi, kuma ragowar tanderun na cikin dalilan da aka bayar. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen, suka ƙona gidaje, suka ɓata wani sashe na fadar Hidi. Mutanen garin sun koma sun gyara abin da ya gyaru.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne dabarar tsofaffin ba ta mutu a duniya ba. Masana'antar ƙarfe ta Aladja a jihar Delta ta yau, wadda aka buɗe a 1982, an gina ta ne a kan zare oksijin daga tama ba tare da an narkar da ita ba, da iskar monoksaid da haidirojin da ake samarwa daga iskar gas. Abin da wannan hanya ke fitarwa dunƙule ne mai ramuka, ɗan'uwan na Sukur, sai daga baya a narkar da shi da lantarki. Indiya da Iran suna fitar da miliyoyin tan ta wannan hanya kowace shekara. Ajaokuta kuwa, wadda aka ba Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979 bisa tsarin babban tanderu mai narkarwa, har yau tanderun nata bai fitar da narkakken ƙarfe ba.

Ɗalibin sakandare a Yola yana haddace sinadaran da ke sakin zafi da masu shan zafi, da dokar Hess, da ɓoyayyen zafin narkewa, yana zana su a allo da misalan ƙasashen da bai taɓa gani ba, alhali duka ukun suna cikin tanderu guda a jiharsa. Yaron da ya ga zubin ƙarshe a Sukur yana ɗan shekara goma, yau ya haura saba'in. Ina kira ga malaman kimiyyar sinadarai da na tarihi a Jami'ar Modibbo Adama, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, su hau dutsen su zauna da waɗannan dattawa, a gina tanderu ɗaya da izinin Hidi, a sa ma'aunin zafi a ciki, a rubuta abin da aka samu da Hausa da Fulfulde da harshen Sukur, a raba wa makarantun jihar.